Ku Tambayi Malam: A Ina Ƙarfin Mahaukaciyar Guguwa Yake Taruwa?

Wasiƙun da suka shigo mini a wannan karon kusan duk a kan iska suke. Ba abin mamaki ba ne. Satumba ce, watan da tekun Atlantika ya fi tayar da mahaukaciyar guguwa, mu ma nan Kaduna hadarin ƙarshen damina ya fara zuwa da fushinsa. Na zaɓi huɗu. Mai tambaya a kan kusufin wata ya yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Rigasa, rufin kwano nake yi. Ina jin ana cewa a rediyo mahaukaciyar guguwa ta kai mataki na 4 ko na 5 a Amurka. Mene ne waɗannan matakai? Kuma duk faɗin guguwar haka iskar take, ko akwai inda ta fi ƙarfi? Wani abokin aikina ya rantse cewa tsakiyarta ne ya fi bala'i.

AMSA: Wa'alaikumus salam, maigida. Abokin aikinka ya yi kusa, amma bai isa ba. Tsakiyar guguwar, inda ake kira ido, nan ne ma ya fi ko'ina lafiya. A can iska kwance take, ruwa ya ɗauke, wani lokacin har a hango rana, ko taurari in da dare ne. Faɗin idon yawanci kilomita 30 ne zuwa 65, wato bai kai daga nan zuwa Zariya ba. Bala'in yana jikin ganuwar gajimaren da ta kewaye idon. A wannan siririn zobe ne iska ta fi gudu, ruwa ya fi zuba, kuma duk alƙaluman da kake ji a rediyo na wurin ne kaɗai.

Ga yadda abin yake haɗuwa. Guguwar nan a kan teku mai ɗumi take tashi, ruwan da zafinsa ya kai digiri 26 da rabi ko fiye. Tururi ya tashi ya zama gajimare, garin zama gajimaren ya saki zafin da ya ɗauko, zafin ya ƙara ɗaga iska sama. Iskar da ta tashi ta bar gurbi a ƙasa, matsin iska ya ragu, sai ta kewaye ta kwararo don ta cike. Da duniya tsaye take cak, da kai tsaye iskar za ta faɗa tsakiya a gama. To duniya juyawa take, juyawar nan kuma tana karkatar da duk abin da ke tafiya mai nisa a kanta. Shi ya sa iskar take shigowa a zagaye, kuma iya matsowarta tsakiya iya ƙaruwar gudunta, har ta kai inda ba ta iya ƙara kutsawa, sai ta miƙe sama. Nan ne ganuwar. A cikin idon kuwa iska saukowa take yi a hankali, tana busar da gajimaren.

Wannan kwanciyar ta ido ta cinye mutane da yawa. Iska ta yi ta duka, sai a ji tsit, mutane su fito duba ɓarna ko ɗaure rufi. Kafin su ankara ɗaya gefen ganuwar ya iso, iskar ta dawo da ƙarfinta na ɗazu, amma ta ɓangaren da ba a zata ba. Abin da dukan farko ya girgiza ta gabas, na biyu ya ƙarasa shi ta yamma.

Idan ka fita daga ganuwar kana nisa da ido, ƙarfin raguwa yake yi. Garin da ke kilomita 200 daga tsakiya yana iya ganin iskar da ba ta kai rabin ta ganuwa ba, alhali sunan guguwar ɗaya, matakinta ɗaya. Ko a jikin ganuwar ma dama da hagu ba ɗaya ba ne. A arewacin duniya guguwar tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, kuma tana juyawar tana tafiya. Ka ɗauka kana cikin jirgin ƙasan da ya tashi daga tasharku ta Rigasa zuwa Abuja. In ka taka ka nufi gaban jirgin, wanda ke tsaye a bakin hanya zai ga gudunka ya haɗu da na jirgin. In ka juya ka nufi baya, zai ga an cire naka daga na jirgin. Haka guguwar take. Idan juyawarta kilomita 160 ce a awa, tana kuma tafiya da 30, gefenta na dama zai buga 190, na hagu 130. Dama a nan ana nufin in ka fuskanci inda ta dosa. A kudancin duniya, kamar Mozambik da Madagaska, abin juyewa yake, hagu ne mugun gefe.

Matakan kuma, za ka ji daɗin sanin cewa kusan ɗan sana'arku ne ya fara tsara su. Herbert Saffir injiniyan gini ne. A 1969 yana yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya nazari a kan gidaje masu sauƙin kuɗi a yankunan da guguwa ke addaba, sai ya ga babu wani ma'auni mai sauƙi da zai nuna irin ɓarnar da kowane ƙarfin iska ke yi wa gini. Ya tsara, Robert Simpson shugaban cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miyami ya sa hannu, aka fara aiki da shi a farkon shekarun 1970. Ba a kiran guguwa mahaukaciya sai iskarta ta kai kilomita 119 a awa. Daga 119 zuwa 153 mataki na 1 ke nan, 154 zuwa 177 na 2, 178 zuwa 208 na 3, 209 zuwa 251 na 4, daga 252 zuwa sama kuma na 5. Na 5 ba shi da iyaka. Guguwar Patricia da ta tashi a tekun yammacin Meziko a Oktoban 2015 ta kai kilomita 345 a awa, duk da haka mataki na 5 aka kira ta.

Akwai lissafin da nake so ka riƙe, don ya shafi aikinka. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, turin da take yi wa bango ko kwano ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. In ya ninka sau uku, turin sau tara. Saboda haka farkon mataki na 5 bai wuce ninki biyu da ɗan wani abu na farkon mataki na 1 ba a gudu, amma a turi ya kusa ninki huɗu da rabi. Rufin da ya tsallake iska mai gudun 80 kada mai shi ya bugi ƙirji, 110 wata maganar ce.

Kuma kada girman guguwa a taswirar talabijin ya ruɗe ka. An ce alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba, amma ban da a nan. Guguwar Tip ta 1979 a tekun Fasifik faɗinta ya haura kilomita 2,000. Ita kuwa Tracy, wadda ta faɗa wa birnin Darwin na Ostareliya ranar Kirsimetin 1974, 'yar mitsitsiya ce a cikin guguwoyi, amma ta rushe mafi yawan gidajen garin.

TAMBAYA: Baba, ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, daga Unguwar Rimi. An ba mu aiki a kan guguwar Haiyan ta 2013 a ƙasar Filifin. Wani wuri na ga an ce gudunta kilomita 315 ne a awa, wani wuri an ce 230. Wanne zan rubuta?

AMSA: 'Yata, rubuta duka biyun, ki faɗi mai kowanne, malaminki zai ƙara miki maki. Babu wanda ya yi ƙarya. Iska ba ta gudu bai ɗaya, tana fizga tana sassautawa, don haka dole a ɗauki matsakaicin gudunta cikin wani ɗan lokaci. Amurkawa na minti 1 suke ɗauka, Japanawa da yawancin ƙasashe na minti 10, Indiya na minti 3. Iya gajartar lokacin iya girman adadin. 315 na cibiyar sojan Amurka ne da ke Hawai, 230 na hukumar yanayi ta Japan. Tazarar ta ƙara faɗi ne saboda dukansu daga hoton tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta, kowa kuma da teburin lissafinsa.

Abin lura ke nan: yawancin alƙaluman nan ƙiyasi ne. Na'urar auna iska ana kafa ta a tsayin mita 10 daga ƙasa a fili, to wa zai kafa ta a tsakiyar teku? Wadda ke tudu ma sau da yawa guguwar ke karya ta kafin ta gama aiki. A Atlantika Amurka tana tura jiragen sama su ratsa ganuwar su shiga ido, suna sako ƙananan na'urori masu 'yar laima, na'urorin suna faɗowa suna aiko da gudun iska da matsinta har su faɗa ruwa. A yawancin sauran wurare hanyar da masanin yanayi Vernon Dvorak ya fito da ita a shekarun 1970 ake bi, wato a dubi siffar gajimaren da tsabtar idon da sanyin saman gajimaren, a ƙiyasta ƙarfin.

Ki kuma bambanta matsakaicin gudu da fizga, wadda ta 'yan daƙiƙoƙi ce kuma takan fi matsakaicin da yawa. Fizga mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa kamawa a ƙasa, in aka cire ta guguwa mai murɗawa, wato siririyar nan mai tsayuwa kamar ginshiƙi, ita ce kilomita 408 a awa, a tsibirin Barrow na Ostareliya, lokacin guguwar Olivia a Afrilun 1996. Sai ki riƙa duba ko mil aka ce ko kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kuma na sha jin mai karanta labarai ya ɗauko adadin mil ya liƙa masa kilomita.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana karatu a birnin Houston. An taɓa gargaɗinsu cewa guguwa na zuwa, sai ya ce mini in kwantar da hankalina, ta sauko daga mataki na 4 zuwa na 2, ba sai ya bar unguwarsu ba. Allah ya tsare a wancan karon. Yana da gaskiya? Daga wata uwa a Malali.

AMSA: Hajiya, hankalinki ya fi lissafinsa. Matakin nan iska kaɗai yake aunawa, ba ya cewa komai game da ruwa, ruwan kuwa shi ya fi kisa. Guguwa tana tunkuɗo teku gabanta, tekun ya yi toroko ya hau tudu, kuma babbar guguwa da ta kwana biyu tana tura ruwa ba ta fasa kawo shi don iskarta ta ɗan sassauta a daren ƙarshe. Guguwar Katrina ta kai mataki na 5 a kan teku, amma da ta hau tudu a Amurka ranar 29 ga Agustan 2005 ta sauko na 3. Duk da haka tekun ya tashi fiye da mita 8 a gaɓar jihar Misisipi, shingayen da ke tare ruwa a birnin New Orleans suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutum fiye da 1,000 suka rasu.

Shi ma garin da yake zaune ya ga nasa. A Agustan 2017 guguwar Harvey ta hau tudu a jihar Texas, ƙarfin iskarta ya karye har ta fita daga sahun mahaukata, sai ta tsaya ta ƙi gaba ta ƙi baya tana zuba ruwa. Wasu wuraren sun sami fiye da milimita 1,500 cikin 'yan kwanaki, ya fi abin da Kaduna takan samu a damina guda. Nan Afirka ma, Idai da ta faɗa wa birnin Beira a Maris na 2019 ta kashe fiye da mutum 1,000 a Mozambik da Zimbabuwe da Malawi, kuma ambaliya da zaftarewar ƙasa ne suka yi mafi yawan aikin.

Sannan matakin ba ya zama wuri ɗaya. Otis a Oktoban 2023 cikin kusan kwana guda ta tashi daga guguwar da ba a ɗauke ta bakin komai ba ta zama mataki na 5, ta auka wa birnin Acapulco na Meziko cikin dare. Ki gaya wa yaron in hukuma ta ce mutanen unguwarsu su tashi, ya ɗauki takardunsa ya tashi, a yi lissafin mataki daga baya.

TAMBAYA: Malam, a watan Mayu iska ta kwashe rufin gidaje da dama a layinmu a Hayin Banki, har da turakun lantarki. Mataki na nawa ke nan? Kuma irin ta Amurka za ta iya zuwa Kaduna wata rana?

AMSA: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Taku ba ta da mataki, don ba jinsinsu ɗaya ba. Mahaukaciyar guguwa abincinta ruwan teku mai ɗumi, da ta hau tudu yunwa ta kama ta, tuddai da itatuwa da gine-gine kuma suna taka mata birki. Kaduna ta yi mata nisa. Ko Legas da Fatakwal da ke bakin ruwa ba hanyarta ba ce. Sun yi kusa da ikweta, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, inda karkatarwar nan ta juyawar duniya ba ta da ƙarfi, shi ya sa da wuya ƙwarai guguwar ta ƙullu a ƙasa da digiri 5 daga layin. Kuma iskar sama a yankinmu yamma take kora komai, nesa da mu.

Sai dai akwai zumunci. Duk damina, kowane kwana uku zuwa biyar, wani kaɗawar iska yakan taso daga gabashin Afirka ya ratsa Chadi da arewacin Najeriya da Nijar da Mali, yana tafe da tarin hadari, ya faɗa Atlantika ta wajen Senigal da Gini. Yawancinsu a nan suke mutuwa. Kaɗan sukan tarar da teku da ɗumi su fara juyawa, kuma mafi yawan manyan guguwoyin da ke dukan tsibiran Karebiyan da Amurka daga irin waɗannan suke fitowa. Ba banza ba lokacin guguwa a can, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya zo kusan daidai da daminarmu. Lokacin da nake koyar da labarin ƙasa, in na faɗa wa yara cewa hadarin da ya jiƙa su a hanyar makaranta yana iya zama abin da za a ba suna a Amurka bayan mako biyu, dariya suke yi. Wani lokacin ma ba ta jira ta yi nisa: a ƙarshen Agustan 2015 guguwar Fred ta ƙullu dab da gaɓar Afirka ta bugi tsibiran Kef Bade.

Wadda ta yi muku ɓarna iskar goshin hadari ce. Ruwa da ƙanƙara a cikin dogon gajimare suna sanyaya iska, iskar mai sanyi ta yi nauyi ta faɗo ƙasa da ƙarfi, ta bazu gaba. Ita ce sanyin nan da ƙurar da kake ji kafin ɗigon farko, kuma kusan kullum daga gabas. Ta fi tsanani a Afrilu da Mayu, lokacin da ƙasa ta gasu iskar sama kuma a bushe take, sai kuma a ƙarshen damina. Fizgarta tana iya yin muni, amma cikin minti 10 zuwa 30 ta wuce, ita kuwa waccan takan yi awoyi tana dukan gida ɗaya.

Yadda suke cire rufi dai ɗaya ne, a nan kafintanmu na Rigasa ya matso kusa. Iska ba ture kwano take yi ba, tsotse shi take yi sama yayin da take wucewa ta kansa, kuma tsotsar ta fi ƙarfi a kusurwoyi da bakin rufi. In ƙofa ko taga ta gabas ta buɗe, iskar ta cika ɗakin ta turo daga ciki, an haɗu ke nan sama da ƙasa. Wata bazara ta ɗauke mini rufin kicin a Tudun Wada, ta ajiye shi a lungu da katakonsa da ƙusoshinsa, ko ɗaya bai zare ba. Abin da ya rasa shi ne ɗauri tsakanin katakon da bango. Irin darasin da Amurkawa suka koya ke nan bayan guguwar Andrew ta 1992, har jihar Fulorida ta tsaurara dokar gini, ana ɗaure rufi da ƙarfe ya kama bango.

In za ku sake rufin, a binne rodi ko waya mai kauri a cikin linta a naɗe katakon da ita, kada a dogara da ƙusa kaɗai. A ƙara yawan ƙusar kwano a layin baki da kusurwoyi, kada bakin kwanon ya zarce bango da yawa, in da hali a ɗaga bulo ya kewaye shi. Rufi mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake jerawa a kan kwano kuwa ban yarda da su ba, ranar da iskar ta fi ƙarfinsu a kan mutane suke sauka. Da kun ga gabas ta yi baƙi a rufe ƙofofi da tagogin wannan ɓangaren, a kira yara su bar gindin darbejiya da allunan talla, kuma rassan da suka rufa kan ɗaki a sare su tun cikin Maris.